Makullin Ɗaya ga Janairu

Shekara huɗu Alhaji Ɗanasabe yana faɗa wa masu shiga shagonsa a Harlem cewa 'yarsa Rafi'atu mai gadin littattafai ce a wata kwaleji a Bronx. Rannan ya ɗauki hula ya je ya gani da idonsa. Ya tarar da ita a wani ɗan ɗaki, ba littafi ko ɗaya, sai kwamfuta mai fuska biyu da kofin shayi da ya huce. Tun daga ranar, in an tambaye shi aikin 'yarsa sai ya ce, "Tana nan lafiya."

To, ga aikin. Karatun yanzu ya bar kan kanta. Yana can a rumbunan wasu manyan kamfanoni, databes ake ce musu, ba mai ganinsu da ido. Kwaleji takan karɓi hayar ƙofa, ta yi alkawari ba mai shiga sai ɗalibanta da malamanta. Kowane ɗalibi da sunansa da faswod ɗinsa, makullinsa ke nan, ko yana kwance a ɗakinsa a Highbridge zai buɗe ya ɗebi abin karantawa. Ƙofofin nan sun fi ɗari, kuma duk a hannun Rafi'atu suke. In suna buɗe ba wanda ya san tana duniya. In ɗaya ta cije, har wanda bai taɓa gaishe ta ba ya san lambar wayarta.

Wata Litinin a watan Afrilu, shekarar dubu biyu da sha biyar, babbar ƙofa ta cije, wadda masu karatun nas ke bi. Kamfanin ne da kansa ya rufe. Ya aiko wa Rafi'atu imel cewa ranar Asabar wani ya shigo da makullin kwalejin ya kwashi takardu dubu goma sha ɗaya, abin da mutum ba zai karanta ba ko da shekarunsa sun kai na bishiyar kuka. Ba za su buɗe ba sai an gaya musu wa ya yi, kuma me aka yi masa.

Saura mako biyu a miƙa aikin ƙarshe na zango. Kafin ƙarfe goma bakin laburare ya cika da 'yan nas, kowa da fuskarsa.

Ƙofa takan rubuta duk wanda ya ratsa ta. Rafi'atu ta buɗe rubutun ta bi layi-layi, kafin azahar ta sami sunan: Nimatu Ishawu. Ta rufe makullin, don doka ce, ta kai wa shugaban laburare, wani Bature mai haƙuri in ba a taɓa shi ba. Ya ce madalla, ranar Alhamis kwamitin ladabtarwa zai zauna. Wanda ya ba wani makullinsa, sashen nas kora yake yi, ba ya jan kunne.

Da la'asar Nimatu ta zo. Mace ce ta haura arba'in da biyar, 'yar Damagaram, sanye da rigar aikin kula da tsofaffi, mayafi a kai. Daga Parkchester take, inda take jinyar wani tsoho. Shekara shida tana jan karatun nan, darasi ɗaya, darasi biyu, wannan zangon ne na ƙarshe. Ta tsaya a bakin ƙofa ta karanta sunan da ke jiki, sannan ta dubi mai sunan.

"Ɗiyar wa ce ke?"

"Alhaji Ɗanasabe, Tanti."

"Mai atamfa? To, Allah ya kawo ni gida." Ta zauna ba a ce ta zauna ba.

Rafi'atu a asibitin Harlem aka haife ta. Hausa tana ji sarai, amma in za ta mayar, kamar mai tafiya a kan ƙaya take. Duk da haka ta daure ta taka, don ta ga matar ba ta da sauran ƙarfin Turanci a ranar.

"Tanti, kin ba wani faswod ɗinki? Maigida?"

"Maigida tasi yake ja. In ya ga rubutu barci yake yi."

"Yara?"

"Su da suke mini dariya in ina karatu da yatsa?"

"Wani a can ƙasarku? Ɗan ƙane, ɗan wa, mai karatun likita a Yamai, ya roƙe ki?"

Nimatu ta dube ta. "Ɗiyata, da ya roƙa da na sha wuya kafin in hana, wannan gaskiya ne. Amma ba wanda ya roƙa. Ranar Asabar ina can ina juya tsohon mutane, ina canza masa zanin gado. Takarda dubu goma sha ɗaya? Ni da guda ɗaya ke ci mini kwana uku?"

Ba ta yi kuka ba. Ta gyara mayafi ta ce tana da aiki ƙarfe shida, ta tafi.

Rafi'atu ba ta gaskata ba, ba ta ƙaryata ba. Ta san mutanenta. Makullin gidansu na Harlem ma guda nawa ne a gari, Alhaji kansa bai sani ba. Hanya mai sauƙi tana gabanta: ta aika wa kamfani cewa an kama mai laifi, a buɗe ƙofa kafin magariba, kowa ya sa mata albarka. Shugaba ya leƙo sau biyu yana tambaya ko ta aika. Ta ce tana dubawa.

Ranar Talata ta koma cikin rubutun ƙofa, ta bi baya wata uku. Ta ga mai kwasar daga wata ƙasa mai nisa yake shigowa, kuma ba makullin Nimatu kaɗai ya riƙe ba. Akwai wasu shida, yana ɗiba da su kaɗan-kaɗan yadda ba za a ji ba. Ta jera sunayen. Biyu 'yan Gana, ɗaya ɗan Gambiya, biyu Somaliyawa, ɗaya da alama daga ƙasar Afganistan.

Shugaba ya karanta, ya cire tabarau, ya goge, ya mayar. Ya ce, a hankali, kamar mai tsoron kalmar ta fashe masa a baki, "Kamar dai sun san juna. Wataƙila a masallaci ɗaya suke."

Rafi'atu ta koma ɗakinta ta zauna. Ta shiga rijiya ceton mutum ɗaya, ta janyo shida sun faɗa. Shayinta ya huce, ta shanye shi a haka.

Ranar Laraba aka yanka kek a laburare, wata ma'aikaciya ce ta ƙara shekara. Haka suke yi, kowa da ranarsa a rubuce a bango. Rafi'atu ba ta da bakin ci, sai ta sa nata a faranti ta kai wa Kwaku, mai gadin ƙofar shiga. Dattijo ne, ya tashi a gefen zangon Kumasi, Hausarsa irin ta can ce, ba ta raba mace da namiji.

"Madam, ka kyauta," ya ce. "Shekara tara ina cin kek ɗin mutane. Nawa ba a taɓa yankawa ba."

"Don me? Ba ka sa sunanka a bango ba?"

"Na sa. Amma ranata makaranta a rufe yake. Ɗaya ga Janairu."

"Ashe kai ɗan sabuwar shekara ne."

Ya yi dariya har kek ya kusa sarƙe shi. "Ina fa. Ni Laraba aka haife ni, sunana ya faɗa maka, Kwaku. Wannan uwata ya sani. Kwanan wata kuwa akawun fasfo a Ankara, babban birnin Gana, ya ba ni. Ya tambaye ni, na ce Laraba, ya ce Laraba ba ya shiga akwatin takarda."

Rafi'atu ta tsaya da faranti a hannu. Ita haihuwarta har minti an rubuta, shi ya sa abin bai taɓa zama mata komai ba sai abin tsokana. Kowace sabuwar shekara takan ce wa Alhaji da Hajiya mahaifiyarta, barka da haihuwa ku duka biyu, Alhaji ya ce shi Asabar ya sani. Rabin masu sallar Juma'a a layinsu rana ɗaya aka haife su a takarda. Kuma makullin farko da kwaleji ke ba sabon ɗalibi, kafin ya sauya da nasa, kwanan haihuwarsa ne.

Ba ta gudu ba, don ba a gudu a laburare. Amma Kwaku ya ce bai taɓa ganin mutum ya yi tafiya irin wannan ba.

Ta kira Nimatu a waya. "Tanti, kar ki faɗa mini faswod ɗin. Abu ɗaya nake tambaya. Tun da aka ba ki, kin taɓa sauya shi?"

"In sauya? Abin da makaranta ta ba ni amana? Yadda aka ba ni haka yake, ko ɗigo ban taɓa ba."

Sai ta koma rubutun ƙofa, wannan karon ba layin waɗanda suka shiga ta bi ba, layin waɗanda aka hana ta bi, wanda ba kowa ke duba shi ba. Ga shi nan. Kafin mutumin ya shiga da sunan Nimatu, sau talatin da ɗaya ya gwada ana mayar da shi. Rana da wata ya riga ya sani, shekara yake lalube, ɗaya bayan ɗaya.

Ranar Alhamis kwamiti ya zauna, mutum uku a bayan tebur, shugabarsu wata Baturiya mai furfura wadda aka ce ba ta taɓa cin abincin rana da kowa ba. Nimatu tana gefe, jaka a cinya. Shugaban laburare ya miƙa sunayen bakwai.

Rafi'atu ta nemi izini. Ta ce kowa ya san kwanan haihuwar ɗalibai ba a hannunta yake ba, ofishin rajista ne kaɗai ke gani. Ta rubuta abu a 'yar takarda, ta naɗe, ta ajiye gaban shugabar. Ta ce a kira rajista a tambayi ranar haihuwar mutum bakwai ɗin nan.

Aka kira, aka sa wayar kowa na ji. Na farko, ɗaya ga Janairu. Na biyu, ɗaya ga Janairu. A na huɗu mai karantawa ta tsaya ta ce ko kwamfutarta ce ta lalace. Da aka kai na bakwai shugabar ta warware takardar ta karanta, ta daɗe tana kallonta.

"Mutum bakwai, ƙasa biyar, rana ɗaya," ta ce. "Ta yaya?"

Nimatu ce ta amsa, da Turancinta na aiki. Ta ce a garinsu ba a haifi mutum da kalanda a hannu ba. Takardarta ta farko cewa ta yi an haife ta wajajen shekara kaza, da aka zo fasfo aka ce wajaje ba ya shiga, aka ba ta ranar kowa.

Rafi'atu ta ajiye musu layin gwaji talatin da ɗaya. Ta ce wanda aka ba makulli ba ya gwada talatin. Sannan ta faɗi abin da shugabanta bai so ji ba, ba ta ɗaga murya ba: laifin namu ne. Mu muka raba wa mutane makulli iri ɗaya, muka bar ƙofar da ake gwadawa sau talatin ba ta yi ƙara ba. Ta ce da safe ta roƙi rajista su ƙirga mata masu wannan rana ba tare da suna ba, sun ce ɗari biyu da sittin ne.

Shugaban laburare ya cire tabarau. Wannan karon ya daɗe yana gogewa.

Kwamiti ya wanke Nimatu da sauran shidan. Wasiƙar da ta tafi kamfani Rafi'atu ce ta rubuta. Ba sunan ɗalibi ko ɗaya a ciki. Ta faɗi ramin, ta faɗi yadda aka cike shi: duk mai tsohon makulli sai ya sauya kafin ya shiga, kuma wanda ya gwada sau biyar bai dace ba, ƙofa ta kulle. Ranar Juma'a da hantsi kamfani ya buɗe. 'Yan nas suka koma karatunsu, ba wanda ya tambayi yadda aka yi.

Nimatu ta zo bayan sallar Juma'a yin sabon makulli. Ta kawo kilishi a ƙunshe, ta ce na Alhaji ne, ba na ma'aikaciya ba, kar a ce wani abu. Rafi'atu ta juya mata kwamfutar.

"Ki sa abin da ba ya cikin kowace takarda, Tanti. Abin da ke kaɗai kika sani."

Nimatu ta yi tunani. Fuskarta ta saki. "Bon, na samu. Innata ta ce ranar da ta haife ni, akuyar maƙwabta ta shigo ta cinye..."

"Tanti. Kar ki faɗa."

"Ke ma?"

"Ni ce ma ta farko."

Nimatu ta dube ta sama da ƙasa, irin kallon da ake yi wa atamfar da aka ja aka ga ba ta saki ba. Ta matso da kujera, ta kare allon da gefen mayafinta, ta fara dannawa da yatsa ɗaya. Rafi'atu ta juya tana kallon bango. Abin ya yi tsawo, da alama akuyar ta ci da yawa.