Iyalin da Gwamnati Ta Sani

Malama tana tsugune tana yanke wa mahaifiyarta farce mijinta ya dawo daga aiki. Saje ne a soja. Bai ko cire takalmi ba ya tsaya a ƙofar ƙaramin ɗakin da ke jikin kicin, ya gaida surukarsa, sannan ya yi wa matarsa alama da kai ta fito. A falo ya gaya mata an yi masa canjin wurin aiki zuwa wani bariki can ƙarshen ƙasa, kuma ana so ya kama aiki kafin wata ya ƙare.

Ba yau ta fara jin irin wannan ba. Tun da ta aure shi take rataye labule tana saukewa, har takan ce ta fi sanin kwali da salatif a kan danginta. A wannan barikin ne kawai suka ɗan zauna da gindinsu. Ta samu aikin koyarwa a wata firamare da ke bayan katanga, inda sunan Malama ya bi ta. Yaransu biyu, babbar 'yar da Auta, suka yi abokai. A nan ne kuma aka kawo mata Inna, bayan hawan jini ya kayar da tsohuwar ya shanye mata ɓarin jiki. Shekaru ke nan Malama ce ke yi mata wanka kafin ta tafi makaranta, ta juya ta, ta shafa mata mai a baya, ta dawo lokacin tara ta ba ta abinci a baki.

Saje ya yi ta kwantar mata da hankali. Ya ce a wannan karon gwamnati ce za ta ɗauki nauyin komai, babbar mota da masu ɗaure kaya da masauki a hanya, ko cokali ba za ta ɗaga da hannunta ba. Ta ce to madalla, sai dai a roƙi direba ya cire kujerar baya a shimfiɗa wa Inna katifa, don ba za ta iya zaman tafiya mai nisa haka ba.

Ya sunkuya yana kwance igiyar takalmi.

"Malama, gwamnati mata da 'ya'ya ta sani. Suruka ba ta cikin iyali a wurinsu."

Ya ce can ba kamar nan ba ne, ana zagayawa gida-gida, in aka samu wanda ba a san da shi ba sai a karɓe gidan. Ya ce har wurin oga ya je ya roƙa, aka ce masa doka ce.

Ta yarda. Me zai hana ta yarda? Kwanakin nan duk wanda ya shigo gidan sai ya ji ta bakinta a kan gwamnati: a tura mutum bakin bindiga, amma a hana shi ɗaukar tsohuwa guda da ba ta kai nauyin firji ba. In tana faɗa Saje yakan girgiza kai ya ce sai haƙuri. Har tausayinsa take ji, ganin yadda abinci ya daina shigarsa.

Aka yanke shawarar kai Inna gidan Yaya, wan Malama, wanda ke aiki a maɗaba'a a cikin gari. Gidan haya ne a saman bene, matattakalarsa ƙunci gare ta. A kan kujerar roba aka ɗora tsohuwar, Yaya ya kama gefe, Saje ya kama gefe, suna hawa suna hutawa, gumi na ɗiga daga haɓar Saje. Matar Yaya mutuniyar kirki ce, amma shago gare ta a kasuwa, fitar safe dawowar yamma. Malama ta nuna mata yadda ake juya Inna ba tare da an ja kafaɗar da ta mutu ba, da inda ake cusa matashi tsakanin gwiwoyi. Matar tana ta cewa to, to, idonta na kan agogon bango.

Da za su rabu, Inna ta riƙe mata yatsu da hannun da ke aiki. Maganarta ba ta fita sosai tun da bakinta ya karkace, sai wanda ya saba ke ganewa. Cewa ta yi ta bi mijinta, kada ta waiwayo.

Motar gwamnati ta zo kamar yadda aka ce. Masu ɗaure kaya suka cika gidan da ƙarar salatif, suka haɗa tukwane da littattafan yara a kwali guda. Hedimasta ya yi mata addu'a, ya kuma gaya mata gaskiya cewa ba zai iya ajiye mata gurbinta ba. Babbar 'yar ta ƙi yi wa kowa magana har suka fita daga gari. Da suka isa sabon barikin, gidan da aka ba su a hawa na sama yake, fenti bai bushe ba, motar kayan kuma ta lalace a hanya. Suka yi ta kwana a kan zannuwa a ƙasa. Ranar da kayan suka iso, madubin wadirof ya tsage gida biyu, firji yana kuka amma ba ya sanyi, kwalin kwanukan da ta fi ji da su kuma ba a gan shi ba. Saje ya ce akwai diyya in an bi. Ta ce a bar shi, wanda ya hana ta uwa ba za ta je roƙonsa kwano ba.

Kullum takan kira Yaya. Kullum lafiya lau. In ya kara wa Inna wayar a kunne, numfashi kawai Malama ke ji da wata kalma da ba ta kamawa.

A ƙasan benensu akwai matar wani kofur da duk bariki ke kira Rediyo, don in ta buɗe baki ba ta da maɓallin kashewa. Ita ta nuna wa Malama lokacin da famfo ke kawo ruwa da mai kayan miyan da ba ya cuta. Wata safiya Malama ta sauka aron dutsen guga, ta zagaya ta barandar baya, sai ta tarar da wani tsoho a keken guragu yana shan hantsi, an rufa masa tawul a cinya, Rediyo na goge masa baki. Ta ce babanta ne.

Malama ta rage murya ta tambaye ta ko ba ta tsoron masu zagaye su gan shi.

Rediyo ta yi dariya har da riƙe ciki. Ta ce wane zagaye? Ai a motar gwamnati Baba ya zo, a kwance a kan katifa, har da ma'aikacin jinya aka haɗa su. Saboda shi ma aka ba su gidan ƙasa. Yana da katinsa na asibitin bariki, duk wata ana auna shi. Ta ce ai duk sojan da za a tayar, akawun ofishin kula da iyali sai ya tambaye shi ko akwai iyaye ko surukai da ke ƙarƙashinsa, shi dai kawai ya buɗe baki ya faɗa. Ta ci gaba da zuba a kan yadda Baba ya yi ta faɗa da direba a hanya, ba ta lura Malama ta ajiye dutsen gugar ba.

Malama ba ta koma sama ba. Da silifas ɗin wanka ta taka har ofishin. Akawun dattijo ne mai furfura a gemu. Ya tabbatar mata ana tambayar kowa, ba a tsallake kowa. Da ta tambayi abin da mijinta ya amsa, sai ya gyara gilashinsa ya ce wannan tsakaninta da maigidanta ne. Ya ƙara da cewa, cikin taushin murya, motar gwamnati ba ta zuwa sau biyu a canji ɗaya.

Da rana Saje ya dawo cin abinci, yara suna makaranta. Ta zuba masa, ta ajiye ruwa, ta zauna a kujerar da ke fuskantarsa. Sai da ya kai loma ta uku ta ce ta ga mahaifin Rediyo. Ya ajiye cokalin.

"An tambaye ka?"

"An tambaye ni."

"Ka ce me?"

"Na ce babu."

Sai magana ta ɓalle masa kamar ya daɗe yana tauna ta. Ya ce shekara nawa rabon da ya shigo gida ya same ta ba da roba ko tsumma a hannu ba. Yara a falo suke kwana. Ba ya iya kawo abokin aiki gida. Tasa uwar ta rasu yana bakin daga, ko gawarta bai gani ba, bai taɓa yi wa kowa ƙorafi ba. Ya ce ya ga yadda ita kanta take ƙarewa, bayanta ya fara ciwo, ya ce a ransa Yaya ma ai ɗa ne, ya ɗauki nasa rabon. Ya tambaye ta ko sau ɗaya ta taɓa tambayarsa in ya gaji.

"Da ka ce ka gaji, Abban yara, da mun yi faɗa, in yi fushi in huce, mu san yadda za mu yi," in ji ta. "Amma ka zauna ina tsine wa mutanen da ba su yi min komai ba, kana ba ni haƙuri. Da hannunka ka hau da ita benen Yaya. Har ruwa na kawo maka na ce sannu."

Ba ta ɗaga murya ba. Ta kwashe kwanon da bai gama ci ba ta kai kicin.

Washegari ta bar yara a hannun Rediyo ta hau motar haya. Ba ta gaya wa Yaya tana tafe ba. Ta tarar da ƙofar a kulle, makulli a wurin maƙwabciya. Warin ɗakin ne ya fara gaya mata. Inna na kwance a gefen da aka bar ta tun safe, kofin ruwa a inda hannunta ba ya kaiwa. Da Malama ta ɗaga mata riga, ta ga gyambo a ƙugunta, faɗinsa ya kai tafin hannu, an rufe shi da auduga. Tsohuwar ta rame har zoben da ke yatsanta an ɗaure shi da zare.

Matar Yaya ta dawo ta fashe da kuka, ta ce wallahi tana iya ƙoƙarinta, amma in ta rufe shago me za su ci. Malama ba ta ga laifinta ba. Yaya ne ya kasa haɗa ido da ita. Da ta gaya masa abin da ta gano, bai yi mamaki ba, sai ya hau sosa ƙeya. Ashe wurinsa Saje ya fara zuwa tun kafin ya gaya mata maganar canjin. Sun zauna a maɗaba'a sun gama magana, Yaya ya yarda a kan cewa ƙanwarsa ta huta, suka kuma yarda kada ta ji, don sun san ba za ta amince ba.

Ta shiga wurin Inna ta zauna a bakin katifa, tana so ta ce mata an cuce su su biyu. Inna ta daɗe tana haɗa kalmomin kafin su fito.

"Na sani. Ya zo ya durƙusa. Ni na ce ya yi shiru."

"Don me, Inna?"

"Aurenki."

Malama ta fita baranda ta tsaya tana kallon rufin gidajen mutane. Mijinta, wanta, uwarta. Sun zauna sun yanke abin da ya fi mata, kowa don yana sonta, ita kuma tana can tana naɗe kofuna a tsohuwar jarida.

Ta nemi motar da za ta ɗauki Inna a kwance, ko nawa ne. Likita ya ce ba inda za ta sai gyambon ya warke. Bai warke ba. Ya ci ciki, zazzaɓi ya shiga, aka kwantar da ita a asibitin gari. Malama ta zauna da ita har ƙarshe, tana juya ta a kan lokaci kamar da, ko da yake ma'aikatan jinya sun gaya mata ba zai canza komai ba. Wata safiya tana goge mata fuska Inna ta cika.

Saje ya samu izini ya zo ta'aziyya. Ya yi kuka, kuma kukan gaske ne, ta san shi. Masu zuwa gaisuwa suna ta yabonsa, suna cewa samun surukin da zai riƙe tsohuwa shekara da shekaru sai an tona. Malama takan ce haka ne, ta miƙa musu ruwa.

Ta koma bariki saboda yara. Tana dafa masa abinci, tana goge masa kaki, in ya yi magana ta amsa. Ya nemi gafara ba sau ɗaya ba, ta ce ta yafe, kuma tana ganin har ranta ta faɗa. Abin da ya gagare ta shi ne in ya gaya mata abu, ko da cewa ya yi an ɗauke ruwa, sai ta samu kanta tana murɗa famfo ta gani.

Ta samu aiki a wata makaranta a cikin garin da barikin yake. Da wani canjin ya sake zuwa, babbar 'yar na shirin jarrabawa, Malama ta ce ita da yara sun zauna. Ta kama ɗaki biyu kusa da makarantar. Bai yi gardama ba. Ita ta haɗa masa kayansa, ta ware masa tukunya biyu da bargo mai kauri, don an ce garin da za shi akwai sanyi.

Yana zuwa in ya samu hutu. Auta kan ruga ya karɓi jakarsa tun daga bakin titi. Sukan zauna a falo su yi hirar karatun yara da tsadar haya, wani lokaci har su yi dariya. Bai taɓa ce mata ta biyo shi ba, ita ma ba ta taɓa tambayarsa yadda gidan can yake ba.