Aikin Gidan Shugabar Makaranta

Shekara biyu ke nan shugabar makarantar ba ta yi dariya a gaban kowa ba. Malamai suka ce girman kai ne. Gaskiyar ita ce, tun haihuwarta ta biyar, da zarar ta yi tari ko dariya sai fitsari ya ɗan kufce mata. Ta koma sa baƙaƙen kaya, jakarta kullum da zanen canji.

Ranar da atishawa ta kama ta a gaban taron ɗalibai, ba ta tsaya an tashi ba ta wuce asibiti. Likitar da ta tarar tsohuwar ɗalibarta ce, wadda ta sha kamun kunne a ofishinta saboda ƙin yin aikin gida.

"A yi min aiki kawai a wuce wurin," in ji Shugaba, idonta a bango.

"Ba mu kai nan ba, Malama. Naman da ke tallafe mafitsara ne ya saki. Za ki matse shi kamar mai riƙe fitsari, ki ƙirga biyar, ki saki. Sau goma, safe da rana da yamma. Ki rage shayi, mu magance tarin nan. In bai yi ba, akwai zoben roba da ake sakawa ya tokare wurin."

"Ba allura, ba ƙwaya?"

"Aikin gida ne, Malama. Zan duba bayan wata uku."

Shugaba ba ta samun zama sai a taron malamai, don haka can take yi. Mataimakinta na bayani, ita ta ɗaure fuska, leɓɓanta na motsi: ɗaya, biyu, uku. Bawan Allah ya ɗauka kurakuransa take ƙirgawa, har harshensa ya riƙa sarƙewa. Wani malamin ma da ƙafarsa ya zo ya amsa laifin da ba ta san an yi ba.

Da wata uku ya cika, ta kulle ofis ta yi tari mai ƙarfi da gangan. Shiru. Ta ƙara. Shiru.

"An samu sauƙi, 'yata," ta ce wa likitar ranar da ta koma asibiti. "Yaushe zan daina?"

"Ba a dainawa, Malama." Likita ba ta ko ɗago daga rubutu ba. "Ki dawo bayan wata shida. Kuma a riƙa kiyaye lokaci, yau kin makara da minti ashirin."

Shugaba ta gyara zaman jakarta, ta ce to.