Ruwan Raken Yaya Yari

Tun da kasuwar iyaka ta mutu, yayana Yari ya daina kai kaya Kwanni. Ya sayar da babur ɗinsa, ya sayi rake gona guda a fadama, wai zai dafa mazarƙwaila. Bai taɓa yi ba. Gani ya yi ana yi.

Gwaji ɗaya ya yi. Ya cika kasko da ruwan rijiya, ya cusa damin karan gero guda, ruwa ya tafasa. Shi ke nan, kasko goma dami goma, ya ƙara biyu saboda tsaro. Injin matsa kuwa na yini ɗaya aka ba shi daga Gidan Katta, don haka ya sare raken duka, ya matse duka.

Na iske shi da hantsi, durori cike da ruwan rake, yana ta fara'a. Ya ce in zo in ga abin da ba a koya mana a boko ba.

Na dubi karan. Na tsuguna na yi lissafi a ƙasa da tsinke, ɗan abin da ya rage mini na fizis. Kilo ɗaya na ruwa, daga sanyin rijiya zuwa tafasa, zafi na kilojul wajen ɗari uku yake ci. Amma kafin kilon nan ya zama tururi ya bar kasko, sai ya ci dubu biyu da ɗari biyu da sittin. Ruwan rake kuwa yawancinsa ruwa ne, sai ruwan ya tashi sannan zaƙin ke daskarewa.

"Yaya, tafasa somin taɓi ce. Kowane kasko na son ƙarin dami shida."

"Mi kac ce?"

Na maimaita. Ya yi dariya, ya ce ji mai lissafi, wanda ko jarrabawa bai haye ba. Gaskiya ya faɗa. 

Kasko na biyu bai yi kauri ba kara ya ƙare. Muka bi maƙwabta, kowa ya ce na dabbobinsa ne. Hadijatu, matarsa, ta kawo itacen girkinta, har da tsohon turmi. Muka cire dangar bayan gida. Wuta ta cinye, tururi na tashi a hankali kamar ba shi da wurin zuwa.

Da gari ya waye durorin sun yi kumfa, tsami ya cika gidan, ƙudaje sun taru.

Yari ya daɗe tsaye a kansu.

"Sahabi, lissahin nan naka, ba ya maida tsami zaƙi?"

"Ba ya yi, Yaya."

Ya kama bakin duro na farko, na kama gindin, muka nufi kwata.