Ƙofa Mai Rufe Kanta

Duk wanda ya tashi a bayan tsohuwar kasuwar birnin Tirana ya san Sabri Bregu. Wanda bai san shi ba kuwa baƙo ne. Bai taɓa zama a bencin makaranta ba, amma ya raka gawar malamai da alƙalai da dama waɗanda suka yi masa kallon jahili. A zamanin da ake ɗaure mutum don ya ce burodi ya yi tsami, an ɗaure shi, an tura shi aikin fursuna a ramin haƙar tagulla can arewa, ya fito babu rabin haƙoransa, amma da ƙafafunsa ya fito. Shekarar da gari ya rikice kowa ya ɗauki bindiga, shi kujera ya ɗauka ya zauna a ƙofar gidansa, ba wanda ya tsinki ko ɓaure ɗaya a bishiyarsa. Girgizar ƙasa ta zo ta tsaga bango, ta tafi ta bar shi yana shan kofi. Irin waɗannan mutanen an daina yin su.

Da masu gini suka zo, ya ba su gidan tubalin da kakansa ya gina, har da bishiyar ɓauren, su kuma suka ba shi gida a hawa na ashirin da ɗaya na dogon benen gilashin da suka dasa a wurin. Ya cika unguwa da baki. Ya ce shi da aka tura ƙarƙashin ƙasa, yau gajimare ne ke wucewa ta ƙarƙashin ƙafarsa. Ya ce akwai wurin wanka a rufin bene, ruwan ya fi hawayen jariri tsabta, ko da yake bai taɓa tsoma yatsa a ciki ba. Maƙwabta wasu suka watse, wasu suka rage a ƙananan gidajensu, inuwar benen tana rufe musu rana tun kafin la'asar.

Matarsa Lumturi ba ta yi gardama ba. Abin da ta ce kawai, tagogin ba sa buɗuwa, kuma an hana shanya. Ita dai an san ta da abu guda: ba a yin mutuwa a unguwar ba ta je ba. Baƙin mayafinta yana rataye bayan ƙofa, ƙullin garin kofi yana ajiye kusa da shi. Musulmi ne ya mutu ko Kirista, wanda suke gaisawa ko wanda suka yi shekaru ba sa magana, Lumturi ce ta farko a ɗakin mata, ita ce ta ƙarshen tashi. Bayan sun hau sama ma ba ta fasa ba, da ciwon gwiwarta da komai.

Wata safiya ta kaka ta ce kanta yana juyawa, ta kwanta, ba ta tashi ba.

Ɗansu Genti ya taso daga Italiya da matarsa Mirela. Aka binne ta, aka dawo, Sabri ya yi abin da kowane mai gida yake yi: ya buɗe ƙofa. Aka jera kujeru, maza a falo, mata a ɗakin ciki. Aka zuba sigari a faranti, Mirela ta ɗora kofi.

Sabri ya juya baya, sai ƙofa ta tafi a hankali ta rufe kanta.

Ya sake buɗewa, ta sake rufewa. Ya cire takalmi ya tokare ta. Ba a jima ba ta fara wani kuka siriri kamar gyare, ba ta yi shiru ba sai da Klodiana ta hau. Ita ce mai kula da benen, mace mai ladabi, idanunta kullum a gajiye. Ta yi ta'aziyya yadda ya kamata, sannan ta ce ƙofofin nan saboda gobara aka yi su haka, ba a barin su a buɗe. Ta ce kada ya damu, duk wanda ya zo sai ya danna ƙararrawa a ƙasa, ya faɗi sunansa, mai gadi ya kira sama, a turo masa lif, wato na'urar hawa bene. Genti ya ce hakan ya yi. Da a ce Sabri na da ne, da benen ya ji muryarsa har gindinsa. Amma ya kwana biyu bai yi barcin kirki ba. Ya sunkuya ya ɗauke takalminsa.

Abokan Genti suka zo, suka zauna a bakin kujera suna duba waya, suka tafi. Wani baƙo ɗan ƙasar waje da ke hawa na sama ya aiko da furanni. Daga unguwa kuwa ko mutum ɗaya. Kofi ya huce, Mirela ta zubar ta ɗora wani. Sabri yana zaune yana kallon ƙofa, ƙofa tana kallonsa.

Washegari ma haka. Ɗakin mata babu kowa sai Mirela da wata ƙanwarta. Matar da ta zauna a makokin kowa, ga nata makokin kujeru ne kawai suka halarta. Sabri ya san abin da za a ce, kuma ya san ba za a daina faɗa ba: Lumturi ta tafi ba a sha mata kofi ba. Ya ce a ransa hassada ce. Ya hau sama ya bar su a inuwa, shi ne suka jira wannan rana.

Da azahar ta wuce ya ɗauki hularsa ya sauka, ya tsallaka titi zuwa shagon kofin da ke gindin wata bishiya da ake kira tut, inda tsofaffin unguwa suke wuni. Vangjel wanzami yana nan. Tare suka tashi, tare suka saci inabi a gonar limami. Vangjel yana sanye da baƙar kwat ɗin da ba ya fito da ita sai an yi mutuwa.

Sabri bai yi gaisuwa ba. Ya tsaya a kansa ya tuna masa cewa Lumturi ce ta wanke masa gawar uwarsa, ita ce kuma ta kwana a ɗakin matarsa ranar da aka kawo gawar ɗansu daga teku. Ya ce shi ya ga marasa kunya a kurkuku, amma ba kamar na unguwar nan ba.

Vangjel ya bari sai da ya gama.

"Ka gama, tsohon jaki? To duba rigar jikina. Tun jiya take wuyana. Mun zo, ni da tsohuwar maƙwabciyarku Fikirete da sauran. Mun tsaya a gaban gilashin nan naka har ƙafata ta sage. Ƙofa a rufe."

"Akwai ƙararrawa, kai makaho."

"Ƙararrawa." Vangjel ya ajiye kofinsa. "Kai da gemunka fari, yaushe ka taɓa ƙwanƙwasa gidan mutuwa? Wa ya taɓa faɗin sunansa kafin ya shiga makoki? Mun ga a rufe, muka ce Sabri bai buɗe ƙofa ba. Ya zama mutumin sama, ba ya karɓar gaisuwa. Fikirete da kuka ta koma."

Yau kam an kayar da Sabri. Mutumin da ya yi wa mai gadin kurkuku gardama yana ɗaure da sarƙa. Gaskiya Vangjel ya faɗa, shi ma da haka zai yi. Gidan da aka rufe ƙofarsa ranar makoki, an ce wa mutane su koma ke nan, kuma mai mutunci ba ya tambayar dalili.

Ya ɗauki kujera ɗaya daga shagon, bai nemi izini ba. Ya ja ta a kan kwalta ya tsallaka titi, motoci suna masa oda. Babbar ƙofar benen gilashi ce mai ɓari biyu, tana buɗewa idan mai kati ya zo, ta haɗe da zarar ya wuce. Ya nuna katinsa, ta buɗe. Ya dasa kujerar a tsakiya ya zauna.

Ɓarin gilashin suka taho, suka taɓa kafaɗunsa, suka ja da baya.

Mai gadi ya kira Klodiana. Ta sauko ta ce sanyin na'ura yana fita, ƙura tana shiga, masu gidaje sun fara kira. Ta ce za ta iya ba shi ɗakin taro na hawa na biyu, mai kujerun fata.

"'Yata," in ji Sabri, "ɗakin nan yana da ƙofa?"

Ta ce yana da ita.

"To bar ni a nan."

Ta dube shi, ta dubi wayarta da ke ta haske, ta ce ita dai za ta faɗa musu ta yi magana. Ta koma ciki tana jan ƙafa. Wata mata ta fito da ɗan karenta a hannu, ta ratse ta gefensa tana tattare riga.

Vangjel ne ya fara tsallakowa. Bai dubi mai gadi ba, bai faɗi suna ba. Ya shiga ta gefen kujerar, ya taka dutsen falon mai sheƙi, ya juyo ya miƙa hannu, ya yi ta'aziyya yadda ake yi a garin.

"Ku dai ku rayu, Sabri."

"Ku ma ku rayu."

Bayansa Fikirete ta zo da baƙin mayafi, tana dogara sanda. Sai mai gyaran takalmi da matarsa, sai wasu tsofaffi mata da Sabri ya ɗauka sun daɗe da mutuwa. Maza suka tsaya ta dama, mata suka taru ta hagu kusa da tukwanen furen roba, Fikirete ta fara kiran sunan Lumturi a hankali. Ba su da yawa. Sabri ya duba titi ko akwai saura, sai ya gane ba wanda ya ƙi zuwa. Iyakar waɗanda unguwar ta rage da su ke nan.

Genti yana hawa yana sauka da tire, kofin yana isowa ƙasa da ɗumi-ɗumi. Aka sha a haka, a tsaye. Sabri bai yi labarin kurkuku ba, bai ambaci gajimare ba. Bayansa yana ciwo, iska tana shiga wuyan rigarsa. Can gilashin ya sake tahowa ya dafa kafaɗunsa, ya koma. Ya gyara zama.