Ƙaurar Inna

Da kuɗin mota ya sake tashi, matar mai walda ce ta fara kawo maganar ƙaura. Shi mota biyu yake hawa kafin ya kai masana'antar da yake aiki, ita ma biyu zuwa asibitin da take wankin zannuwan gado, ga yara da makaranta. Ta ce albashin nasu a titi yake ƙarewa, kamar masu yi wa direbobi noma. An gaya mata akwai ɗakuna biyu a wani bene bayan masana'antar, daga nan kowa zai iya tafiya da ƙafa.

Mai walda bai musa ba. Abin da ya tsaya masa a rai mahaifiyarsa ce, Inna, wadda ta tsufa a wannan layin. Tana da ƙawa a ɗakin da ke kallon nasu, wata tsohuwa da kowa ke kira 'Yar Rigima. Kullum da hantsi sukan shimfiɗa tabarma a bakin ƙofa, suna tsintar wake suna faɗa a kan wace ce ta girmi wata. Haƙora huɗu suka rage wa 'Yar Rigima, amma takan ce ko da su ta fi Inna kyau.

Da ya gaya wa Inna, ta daɗe tana kallon tafin hannunta. Sannan ta ce ai ciki ya fi zumunci gaggawa, su ɗaure kaya. Ya yi mata alkawarin duk ranar hutunsa zai kawo ta.

Ƙaurar ta yi amfani, wannan kam ba a musu. Yara suka samu sababbin takalma, tukunya ta fara ganin nama, mai walda yana dawowa gida da sauran rana. Sai dai benen hawa uku ne, gwiwoyin Inna kuwa sun gaji. Ta koma zama a bakin taga, tana kallon katangar masana'anta da hayaƙin da ke tashi bayanta. Maƙwabta duk ma'aikata ne, su fita da safe, su dawo su rufe ƙofa.

Da farko ya cika alkawari. Daga baya aka fara ba shi aiki a ranar hutu, sai kuma ƙaramar 'yarsu ta yi zazzaɓi. Inna da kanta ta riƙa cewa a bari, kada a ɓata kuɗi don tsofaffi biyu su je su zagi juna. Sun gwada waya, amma 'Yar Rigima ba ta ji sosai, sai ta yi ta tambayar wane ne, har katin ya ƙare.

Damina ta wuce kafin ya sake kai ta. Inna ta sa zaninta mai kyau, ta ƙulle sabulu biyu a leda. Suka tarar da sabon labule a ƙofar 'Yar Rigima, wata yarinya da ba su sani ba tana shara. Mai shagon kan layi ne ya ba su labari: tsohuwar ta faɗi a banɗaki ta karye a ƙugu, 'yarta ta zo ta tafi da ita can garin mijinta mai nisa. Ba wanda ya karɓi lambar 'yar.

"Ranar tafiyar, sai da tsohuwar ta hana direba tashi," in ji mai shagon. "Ta ce a ɗan jira, wataƙila yau ne ranar hutun ɗanki."

Inna ba ta yi kuka ba. Ta tambaye shi lafiyar iyalinsa, ta yi masa godiya, ta kama hannun ɗanta suka nufi tasha. A cikin mota ya fara ba ta haƙuri. Ta dafa gwiwarsa.

"Kada ka je ka huce a kan matarka. Gaskiya ta faɗa, yara sun ƙoshi."

Da suka iso, sau uku tana hutawa a matakala. Surukarta ta taso da murmushi tana tambayar yaya 'Yar Rigima, ko bakin nan yana nan. Inna ta ce yana nan, ta roƙi a ba ta ruwa, ta shiga ɗaki ta kwanta da mayafinta a jiki.