Kitse a Kan Fambel

Wata uku ke nan motar gidan Malama tana tashin mutanen layi daga barcin safe. Da an murɗa makulli sai ta saki wata ƙara, kiiii, kamar ana jan ƙusa a kan kwano, ta yi ta yi har sai inji ya ɗumama sannan ta lafa. Matar da ke gidan kallonsu ta daina amsa gaisuwar Malama da kyau, don duk safiya sai jaririnta ya firgita. Mai shagon kwana kuwa har cewa yake ya daina saita agogo.

Malama tana koyar da lissafi a makarantar 'yan mata, kuma ita ce ke fita da motar kwana huɗu a mako. Mijinta ma'aikacin ofis ne, aikinsa buga hatimi da jera takardu, amma a layin Injiniya ake ce masa, saboda babu abin da zai lalace a gida bai kwance shi ba. Shi bai taɓa gane cewa da gatse ake kiran ba. Fankar falo da ya gyara, baya take juyawa har yau.

"Baban yara, ka bari in kai wa Yaya motar nan ya duba," in ji ta tun a makon farko. Yayanta bakanike ne, shekara ashirin da biyar yana cikin baƙin mai.

"Yayanki? A kan ɗan kukan fambel, wannan bel ɗin roba na inji? Ai wannan ko makaho ya gyara. Bushewa ya yi, jiƙo yake so."

Da ruwa ya fara. Ya watsa kofi guda, ƙarar ta ɗauke na ɗan lokaci, ya dube ta yana murmushin nasara. Washegari ta dawo. Sai ya koma sabulu, kuma na wankanta mai ƙamshi ya ɗauka, ta tarar da shi a bakin taga baƙi ƙirin, da sawun roba a jikinsa. Daga nan kyandir. Daga kyandir sai man kitsonta, wanda ya kwashe da yatsa ya mayar da murfin kamar ba a taɓa ba. Kowane magani kwana biyu yake yi, a rana ta uku motar ta dawo da kukan da ya fi na da. A makon ƙarshe kuma sai wani wari ya fara shigowa ta ramukan iska, ƙauri-ƙauri, ɗoyi-ɗoyi, irin wanda ke maƙalewa a maƙogwaro. Ta tambaye shi, ya ce kwatar layi ce.

Ranar Laraba da safe ta fito cikin shiri, farar riga gogaggiya, jaka a kafaɗa, ana jiran ta da jarrabawar 'yan aji uku. Ta tarar ya buɗe bonet yana leƙe. Sandar da ke tokare bonet ɗin ta daɗe da karyewa a hannunsa.

"Zo ki riƙe mini nan, minti ɗaya. Na ƙara shafa masa wani abu jiya, so nake in ji yadda ya karɓa."

Ta riƙe, tana kawar da hanci. Ya shiga ya tayar, ya kuma taka totur har ƙasa. Motar ta ƙwala ihu, sai Malama ta ji wani abu mai sanyi da danƙo ya fallatso mata a fuska, a wuya, a gaban riga. Ɗigo ɗaya ya sauka daidai kan leɓenta na ƙasa. Ta saki bonet ya faɗi garam. Ta sa bayan hannu ta goge bakinta, ta duba: baƙi ne, mai yauƙi, da wani fari-fari a ciki, ga ƙarni kamar na tsohuwar mahauta. Ta durƙusa bakin kwata tana ta tofar da yawu, idanunta na hawaye.

"Mene ne wannan? Don girman Allah me ka shafa?"

"Sirri ne na masu sana'a," in ji shi ta taga. "Kin ji ai ƙarar ta ɗan yi laushi."

Ta koma ciki ta wanke fuska sau uku, ta kuskure baki har dasashinta ya yi zafi, ta sake kaya, ta buga wa mataimakiyar shugabar makaranta ta roƙe ta ta tsaya mata a aji. Da ta fito, hannu kawai ta miƙa masa. Ya dubi fuskarta, ya ga babu wurin wasa, ya ba ta makulli.

Garejin Yaya yana bayan tashar manyan motoci, rumfar kwano ce da rami ɗaya da benci wanda ya sha mai har yana ƙyalli. Yana kwance a ƙarƙashin wata farar bas ta iso. Ya turo kansa waje, ya ga ƙanwarsa, ya washe baki.

"Auta! Yau wace rana? Ko Injiniya ya yi ritaya ne?"

"Yaya, ka bar wasa. Raina a ɓace yake."

Ta ba shi labari tun daga ruwa har zuwa abin da ya faɗa mata a baki. Bai yi dariya ba, sai girgiza kai da yake yi. Ya sa aka bar motar a inuwa ta huce, ya ce kukan da ke zuwa da sanyin inji ba a kama shi da zafi. Bayan kusan awa guda ya tokare bonet da gungumen katako. Warin da ya taso ya sa shi ja da baya taku biyu, shi da ya saba da kowane irin ƙazantar mota.

"Tir! Wannan ba warin roba ba ne kaɗai. Tayar mu ji."

Ta tayar, ƙarar ta cika rumfar. Ya tsaya yana kallon yadda fambel ke gudu, ya ce ta kunna fitilu da na'urar sanyi, ƙarar ta ƙaru. Ya ce ta murɗa sitiyari har ƙarshe, ta ƙara ƙaruwa. Ya ɗaga hannu, ta kashe.

"Kin gani, bel ɗin nan shi kaɗai ke jan komai: abin cajin batir, famfon ruwa, na'urar sanyi, har sitiyari. Da safe batir ya sha wuya wajen tayarwa, abin caji na neman ya mayar masa, sai nauyi ya yi yawa. In bel ya saki, zamewa yake a kan fuli, wato ƙafafun nan da yake zagayawa. Zamewar ce kike ji. To abin da ke zamewa, Auta, ke da kike koyar da lissafi, mai ake shafa masa?"

Ya sa dogon sifana ya danne ajasta, ƙarfen da ke ɗame bel ɗin, sai ga shi ya tafi laƙwas babu wani ƙarfi. Ya zare fambel ya ɗaga shi da yatsa biyu, nesa da jikinsa. Bel ɗin ya kumbura, ya tsattsage, ramukansa sun cike da wani baƙin kwaɓi, ga gashi-gashi manne a jiki. Yaya ya kankaro kaɗan da bakin sukudireba ya kai kusa da hanci, ya yi saurin kawar da kai.

"Kitse ne. Wallahi kitsen shanu ne."

Malama ta tuna ledar da ta gani a firji tun makon jiya, wadda ya ce kada kowa ya taɓa. Ta toshe baki da gefen mayafi.

Yaya ya bi fuli ɗaya bayan ɗaya yana juyawa da hannu, yana kasa kunne. Na abin caji ya juya sumul, na famfon ruwa ma haka. Da ya zo kan na ajasta sai ya ji gurr-gurr, kamar an zuba yashi a ciki, yana kuma karkaɗawa.

"Ga ɓarawon nan. Boris ɗin da yake juyawa a kai ya mutu, sifirin ɗin da ke ɗame shi ya gaji. Tun ranar farko wannan ne ciwon. Da an kawo, aikin rabin awa ne."

Amma warin bai gushe ba ko da aka jefar da bel ɗin can gefe. Yaya ya sa aka tura motar kan rami, ya sauka da fitila, ya kwance farantin robar da ke ƙarƙashin inji. Malama tana tsaye a sama ta ji ya yi salati. Ya fito da farantin a hannu, fuskarsa a yamutse. A kai akwai ɓera, ƙato, ya kumbura ya fashe ta gefe, tsutsa fari fat na motsi a cikinsa, kewaye da guntayen kitse da ya tara da kashinsa. Ƙamshin kitsen ne ya jawo shi, ya hau yana lasa, bel ya fyaɗe shi wata safiya. Kafin ya mutu har ya ɗan ci rigar wayoyi biyu.

Wannan karon Malama ba ta iya riƙewa ba. Ta ruga bayan rumfa ta amayar da shayin safe. Abin da ya fi tsaya mata a rai shi ne kwana nawa ta yi tana shaƙar wannan, ita da 'ya'yanta a kujerar baya suna cin biskit.

Sai bayan azahar aka gama. Yaya ya wanke kowane fuli da fetur da burushi har ƙarfen ya fito fes, don ya ce ko ɗigon maiƙo ya rage, sabon bel ma sai ya zame. Ya naɗe wayoyin, ya ɗaura sabon ajasta da sabon fambel, ya duba layinsu da ido ɗaya a rufe. Ta tayar, inji ya kama tsit, sai ɗan gurnaninsa na lafiya. Kafin ta tafi ta roƙe shi wata alfarma guda. Ya dube ta, ya yi dariya har da riƙe ciki, sannan ya ɗauko filaya.

Da yamma ta zayyana wa maigidan komai, ba ta rage ko tsutsa ɗaya ba. Ta zaci zai sunkuyar da kai. Sai ya gyara zama, ya ce, "Ɓera? To ai shi ke nan! Ashe shi ne ke kukan. Na san ba daga aikina ba ne."

Ta ja tsaki mai tsawo, ta tashi ta bar masa falon, ranar ko abinci ba ta iya kaiwa baki ba.

Ranar Asabar ya fito da tsumma a kafaɗa da wata 'yar kwalba a hannu, wai zai ɗan duba aikin da aka yi. Ya sunkuya ƙarƙashin sitiyari yana laluben mariƙin buɗe bonet. Ya lalubo dama, ya lalubo hagu, babu. Ya fito yana gumi.

"Ke, ina abin jan bonet?"

"Yana wurin Yaya," in ji ta daga bakin ƙofa, tana tsefe wa ƙaramar 'yarta kai. "Ya ce duk mai son ganin inji ya je can ya gani."

Ya yi faɗa, ya ce an raina shi a gidansa, ya ce mota tasa ce, ya yi kwana biyar ba ya amsa mata sannu. A mako na uku ruwan goge gilashi ya ƙare, babu yadda zai zuba, dole ya tuƙa da kansa zuwa bayan tasha. Yaya ya tarbe shi da fara'a, ya ba shi benci, ya ciro mariƙin ya buɗe bonet, ya zuba ruwan, ya rufe bonet, ya mayar da mariƙin cikin aljihun rigar aikinsa.