Hita ta Bakwai

"Sake buga lambar," in ji Orrin daga kan gadon da aka kafa masa a falo.

Marlys ta sake bugawa. Shekara talatin ke nan suna maƙwabtaka, kuma tun hantsi take zaune a gefensa da waya a kunne. Wannan karon aka ɗauka. Ta yi wa matar da ta ɗauka bayani a nutse, ta ce su kashe hitar gas ɗin ɗumama ɗaki da suka saya a kantin Orrin bara, su fitar da ita waje, don kamfanin da ya ƙera ta ya rubuto cewa irinta tana sakin iska mai kashe mutum yana barci.

"Shida ke nan," ta ce da ta ajiye.

"Bakwai na sayar." Ya tsaya ya ja numfashi. "Saura Leland."

Wasiƙar ta yi wata biyu cikin tarin takardun da ba a buɗe ba tun kwanciyarsa. Da safiyar nan 'yarsa Colleen ta ci karo da ita tana share teburi. Shi ya lissafa sunayen masu sayen da ka, ɗaya bayan ɗaya, duk da likita ya ce kwanakinsa ba su wuce a ƙirga da yatsu ba.

Colleen ta shigo da miyar kaza a kofi. "Baba, don Allah ka huta. Kai ka ƙera ta? An rufe kantin tun kaka. Lauya ma ya ce babu ruwanka."

"Lauya ne ya miƙa wa Leland ita? Ni na dafa kafaɗarsa, na ce masa wannan ba za ta ba shi kunya ba."

Leland tsoho ne da ke zaune shi kaɗai a bakin tafki, mil ashirin da gari, ba shi da waya. Rediyo kuma ta ce sanyi zai tsananta kafin yamma.

Marlys ta ɗauki makullin motarta. Shekara ashirin da shida ta yi tana tuƙa motar 'yan makaranta, babu hanyar da ba ta sani ba.

"Maƙwabciya," ya kira ta da ƙyar, "kada ki yi tuƙin nan naki na kunkuru."

"Rufe min baki ka sha miyarka. Ka jira ni."

Hanyar tafkin ta cika da dusar ƙanƙara, sai da ta yi awa ɗaya da rabi. Ta buga ƙofa sau uku, shiru. A na huɗu ta sa kafaɗa.

Leland yana kan kujera lulluɓe da bargo, tagogi a rufe ruf, hitar tana ci a gabansa. Ya ɗaga ido a hankali.

"Wa ya mutu kike fasa min ƙofa?"

Ta kashe hitar, ta buɗe tagogi duka, ta ja shi bakin ƙofa ya sha iska.

"Kwana uku kaina yana sarawa," ya ce. "Na ɗauka tsufa ne."

Ta faɗa masa abin da ke cikin wasiƙar, da wanda ya aiko ta.

"Tsohon macucin nan? Sai da ya kusa aika ni lahira zai tuna da ni?" Ya yi 'yar dariya, ta koma tari. Sai ya dube ta. "Jikin nasa fa?"

Ta girgiza kai. Ya shiga ya ɗauko hularsa da rigar sanyi.

"Da hannuna zan mayar masa da kayansa. Ya ji ta bakina."

Ya rungume hitar a cinya har suka iso gari, yana ta shirya zagin da zai yi masa.

Motar nas tana ƙofar gidan Orrin. Colleen tana tsaye a baranda ba rigar sanyi, ta harɗe hannuwa a ƙirji. Marlys ta kashe mota, ta ɗan jima ba ta fito ba.

"Bai fi rabin awa da cikawa ba," in ji Colleen. "Sau biyu ya tambaya ko kin isa. Na biyun na ce masa kin isa, Leland yana lafiya. Ban sani ba, Marlys. Faɗa kawai na yi."

"Gaskiya kika faɗa masa, 'yata."

Leland ya fito a hankali. Ya taka har gindin matakala, ya ajiye hitar a ƙasa, ya cire hularsa. Bai hau ba. Ya tsaya nan yana kallon tagar falon, dusar ƙanƙara tana sauka a kan furfurarsa da kan ƙarfen da ya riga ya huce.